Yadda na gyara awon lokaci da ke ba ni 0.0 a Python

Ina son sanin lokacin da aikin jera sunaye ke ci, sai na sa time.time(), mai ba da lokacin agogon kwamfuta a sakan, kafinsa da bayansa, na ɗebe. Amsa kullum 0.0, jefi-jefi 0.015. Na rufe sauran manhajoji, na sake kunna kwamfuta, duk a banza.

Ashe a Python 3.11 kan Windows, agogon nan sai bayan kusan milisakan 15.6 yake motsawa, aikin kuwa ya riga ya gama.

Na koma time.perf_counter(), agogon da ke iya auna ɗan ƙanƙanin lokaci, nan take lamba ta fito, alhamdulillah. Don ta daina hawa da sauka, na yi timeit.repeat(jera, number=1000, repeat=5), wato a auna lokacin yin aikin jera sunayen sau 1000, a maimaita awon sau biyar, na ɗauki mafi ƙanƙanta cikin biyar ɗin, na raba da 1000. Ita na fi yarda da ita, don sauran na ɗauke da jinkirin wasu ayyukan kwamfutar.