In antibairus ya yi maka kashedi, ga abin yi

Kar ka rikice, duba tukuna daga ina saƙon ya fito. In cikin burauza ne, wato manhajar da kake shiga intanet da ita irin su Chrome, yake ta ƙara wai kwamfutarka ta kamu ka kira wata lamba, wallahi ƙarya ce, shafin intanet ba ya iya bincika fayilolinka haka kawai, rufe shi. In kuwa Windows Defender ne (yanzu ana kiransa Microsoft Defender), wato antibairus da ke zuwa tare da Windows don kare kwamfuta, bar shi ya killace fayil ɗin da yake zargi, kar ka dawo da shi sai ka tabbatar daga ina ka sauke shi.

Sannan a Chrome, a wurin rubuta adireshin shafi, rubuta chrome://extensions ka ga ƙananan manhajojin da ke maƙale da burauzar, duk wadda ba ka san ta ba kuma tana neman izinin karanta duk shafin da ka shiga, cire ta yanzu, irinsu ne ke kwashe fasuwod.