Ku duba shekarun tayarku, ba zanenta kaɗai ba

Salamu alaikum 'yan uwa masu ababen hawa. Da yawanmu muna ɗauka cewa muddin taya ba ta suɗe ba, lafiyarta ƙalau. Ba haka ba ne. Roba tana tsufa ko da mota tana ajiye. Zafi da hasken rana suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. Irin wannan tayar ce ke fashewa ana tsaka da gudu a kan kwalta mai zafi, sitiyari ya ƙwace wa direba.

Ku tsuguna ku duba gefen tayar, ku nemi rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019.

Kamfanin ƙera taya na Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin ƙwararre duk shekara bayan ta yi shekara 5 tana aiki, kuma a cire ta idan ta kai shekara 10 da ƙerawa, komai kyawunta a ido. Ni dai da zarar na ga tsaga ko kumburi a gefe, ba na jiran lissafin shekaru.

Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6.

Don Allah ku leƙa safaya ma, ita ce aka fi mantawa da ita a bayan mota.