Matakan Komawa Aikin Jinya a Montreal Ga Wadda Ba Ta Jin Faransanci

Da farko, ki aika takardun karatunki da shaidar aikinki zuwa hukumar OIIQ, wadda ke ba ma'aikatan jinya lasisi a lardin Kebek na Kanada, inda birnin Montreal yake, domin tantancewar tana cin watanni. Kada ki zauna jiran amsa. Ki shiga ajin Faransanci tun kina gida, ki fi ba da ƙarfi ga sunayen gaɓoɓin jiki, magunguna da tambayoyin da ake yi wa majinyaci, domin su za ki fara buƙata.

Idan kin isa, ki yi rajistar darussan Faransanci da gwamnatin lardin ke bayarwa kyauta. Lasisin wucin gadi da OIIQ ke ba wadda ba ta riga ta ci jarrabawar Faransanci ba na shekara 1 ne, kuma sau 3 kawai ake sabunta shi, saboda haka ki zana jarrabawar harshe ta hukumar OQLF, mai kula da harshen Faransanci a Kebek, da wuri.