Yadda Ake Gano Inda Jijjiga Ke Fitowa A Tsohuwar Motar Da Aka Yi Wa Kwaskwarima

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tsohuwar mota mai ja da ƙafar baya ya sauya mata inji ko giya, ko ya rage mata tsawo ta kwanta ƙasa, ya san wannan matsalar. Aiki ya yi kyau, fenti na sheƙi, amma da ka hau titi ka kai wani gudu sai kujera ta fara kaɗawa, madubi yana rawa. Abin da ke ban takaici shi ne yadda mutane ke fara sayen kaya da ka, yau taya gobe shoka jibi boris, kuɗi na tafiya jijjigar tana nan. Kada ka sayi komai sai ka gano wane abu take bi, gudun inji ko gudun mota.

To ka fara da motar a tsaye. Sa ta a firi, ka ja birkin hannu, ka riƙa taka totur a hankali daga salo har wajen 3,000 a agogon inji. In jijjigar ta fito a nan, ka manta da taya da farfela (bututun da ke kai juyi daga giya zuwa aksil ɗin baya) don ba sa juyawa, matsalar tana inji. Duba filogi ko akwai silindar da ba ta ci, duba robobin da injin ke zaune a kai, duba ko salansa na taɓa jikin mota. Sai babban abin da ke kama masu haɗa inji daga nan da can, wato fulawil, faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, da ba na injin ba. Injin Ford 302 misali, a 1981 aka canza nauyin balansinsa daga oza 28 zuwa oza 50, fulawil ɗin wancan zai ɗauru a wannan lafiya lau, noti ya shiga daidai, amma injin zai yi ta karkarwa. Haka Chevrolet 400 balansinsa daga waje yake, fulawil ɗin tsohon 350 ba zai yi masa ba. In mai kuloci ce, taka kulocin ka ji ko abin ya canza.

In shiru a tsaye, sai titi. Nemi hanya mai santsi marar cunkoso, ka kai gudun da abin ya fi tsanani ka riƙe lambar. Yanzu canza giya amma ka tsaya a wannan gudun. In jijjigar ba ta canza ba duk da ƙarar inji ta canza, to gudun mota take bi. Sannan ka wuce gudun kaɗan ka sa firi, motar ta gangaro da kanta ta ratsa wurin. Tana nan? Taya ne ko farfela ko aksil. Ta ɓace da ka ɗaga ƙafa, ta dawo da ka taka? Wannan ya fi kama da kuros, mahaɗin nan mai siffar gicciye da ke kowane bakin farfela, ko karkatar farfela, za mu zo kansa.

Bambance taya da farfela ba wuya in ka saurara da jikinka. Taya mai tsayin santimita 66 tana juyawa kusan sau 13 a daƙiƙa a gudun kilomita 100, don haka nata kaɗawa ce da kusan za ka iya ƙirgawa, ta gaba a sitiyari ake ji, ta baya a kujera. Farfela kuwa in aksil ɗinka 3.73 ne, wato sai ta juya sau 3.73 taya ke juyawa sau ɗaya, tana juyawa kusan sau 50 a daƙiƙa, 3,000 a minti kenan, nata ziza ce mai sauri da ke sa madubi ya dushe, ka ji ta a ƙasan ƙafa har da gunji a kunne.

In taya ce abin da sauƙi, a yi balansin, a duba ko rim ya lanƙwashe, a musanya na gaba da na baya a ga ko jijjigar ta bi su. Motocin nan suna daɗewa a ajiye, taya na yin shafi a inda ta zauna, wani lokaci in ta yi zafi ya warware. Rim ɗin gayu kuma da yawa raminsu na tsakiya ya fi hob faɗi, sai su zauna a karkace.

In farfela ce, ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, don Allah kar ka shiga ƙasa da jak kaɗai. Kama farfelar ka murɗa, ka jijjiga sama da ƙasa. Kuros bai kamata ya yi wasa ko kaɗan ba, in ka ga jan ƙura irin ta tsatsa a bakin kofunansa ya bushe ya mutu. Wanda ya ƙage ma yana jijjiga kuma ba za ka gane ba sai ka sauke farfelar ka lanƙwasa shi da hannu. Ka sa alama da alli kafin ka kwance. Duba ko ɗan ƙarfen balansi ya faɗi, ko bututun ya loɓa, ko bakin da ke shiga giya yana kwalkwal saboda bushi ya cinye. Kunnuwan farfela masu riƙe kuros na gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, mai walda da ya yanke farfela ya rage tsawo yana iya kauce wa wannan. Gwaji na kyauta: kwance ta baya ka juya ta rabin zagaye ka mayar, sau da yawa abin na raguwa.

Yanzu karkata, kuma a ganina nan ne matsalar yawancin motocin da aka taɓa take. Kuros in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana ragewa sau biyu a kowane zagaye, kuma na bayan ne ke goge abin da na gaban ya yi, amma sai in karkatarsu ɗaya ce. Kamfani ya daidaita wannan tun farko, kai kuma ka sauke motar ƙasa, ka sa wata giya, ka canza aksil, duk lissafin ya rushe. Dole nauyin motar ya kasance a kan ƙafafunta lokacin awo, kar aksil ya rataya. Da ma'aunin digiri, ko manhajar waya ma ta isa, auna abu uku: injin da giya, farfela, da bakin aksil. Misali giya ta sunkuya baya da digiri 3, farfela ta gangara da 5, bambanci 2 kenan a gaba. Bakin aksil ya ɗaga sama da 3, nan ma bambanci 2. Haka ake so, layin giya da na aksil su tafi a jere. Kowanne kar ya wuce digiri 3, tsakaninsu kar ya wuce digiri 1, kuma kar ka nemi sifili, kuros na bukatar ɗan karkata don allurorinsa su juya giris ya zagaya.

Mota mai sifirin faifai tana da wani hali, in ka taka wuta bakin aksil yana ɗagowa sama, shi ya sa ake barinsa ƙasa da digiri 1 ko 2 a tsaye don ya zo daidai a kan tafiya. Gyaran da sililin ƙarfe mai gangare ake yi tsakanin sifirin da aksil, ko a sa washa ƙarƙashin mazaunin giya.

In ka sa giya mai obadaraf, ka sani farfela na juyawa fiye da inji a giyar ƙarshe, kuma doguwa siririya tana da gudun da in ta kai sai ta fara bulala ko da balansinta daidai ne. Wannan sai mai kauri ko ta alminiyam.

Duk abin da za ka taɓa, ɗaya bayan ɗaya, ka fita gwaji a hanya ɗaya da gudu ɗaya, ka rubuta. In duk wannan ya fito daidai kuma abin na nan, cire tayoyin baya ka ɗaure gangunan birki da noti, ka tayar a kan ƙafafun ƙarfe, sannan ka cire gangunan ma ka sake, amma kar ka taka birki babu ganga. Abin da ya rage bayan nan sandar aksil ce da ta lanƙwashe ko boris ɗin bakin aksil.