Darasi na 6: Yawan fitsari ga maza, a fara da ƙirge

Iyayena da yayyena, wannan ba maganar kunya ba ce. Mai lafiya yakan yi fitsari kamar sau 6 zuwa 8 a yini, da dare sau ɗaya ko ma babu. In kana tashi sau 3 ko 4 kafin asuba, ko alwalar magariba ba ta kai ka isha'i, to akwai dalili.

Ka samu takarda ka raba ta biyu, sama rana, ƙasa dare. Duk fitsarin da ka yi, ja layi ɗaya. In mai yawa ne dogon layi, in ɗan kaɗan ne gajere. Kana ajiye buta ka ja shi, nan take. Ba sai ka iya rubutu da kyau ba, layi ne kawai, kuma kowa zai iya. Kwana 3.

Na sake faɗa, nan take. Bara wani dattijo ya bari sai dare ya zauna yana tuno na yini duka, ya kawo mani layuka duk tsawonsu ɗaya, haba Baba, wannan me zai gaya wa likita? Ajiye buta, ja layi. Dogo ko gajere.

Ga amfanin tsawon. Dogaye da yawa, ga ƙishirwa ba ta yankewa, ga rama, wani har tururuwa na taruwa inda ya tsuguna, ana zargin ciwon suga, jiki ne ke zubar da sukarin jini yana jan ruwa tare da shi. Ka je gidan likita da safe ba ka karya ba, a gwada jininka.

Gajeru da yawa ga wanda ya haura 50, fitsari na fita ba ƙarfi sai da nishi, ka tashi yana ɗiga a wando, galibi furostat ce, wani ƙululu kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, in ya girma sai ya matse hanya. In fitsari ya tsaya cik mara ta kumbura, asibitin Maradi a daren, kar a tsaya jiƙa sassaƙe.

In da zafi ko raɗaɗi, galibi ƙwayoyin cuta ne, a gwada fitsarin. Shayin dare da kofi ma na sa yawan fitsari, haka lokacin ɗari, da wasu magungunan hawan jini, amma kar ka daina shan maganin sai ka tambayi likita.

In ka ga jini, musamman mai shiga tabki ko gulbi, wataƙila tsargiya ce. A je likita da takardar.