Ga mai niyyar zuwa Kribi hutu

Salamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya kai ka Kribi, a kudancin Kamaru, bar gaggawarka a Duwala. Tafiyar daga Duwala wajen awa 3 ce a mota ta garin Edeya, kuma tsakanin Disamba da Fabrairu ruwan sama ya fi sauƙi.

Maganar kifi kuwa, kada ka tsaya a otal. Je bakin ruwa inda masunta ke sauke kaya, ka zaɓa da idonka, ka yi ciniki, sannan ka miƙa wa matan da ke gashi a wurin. Amma ku daidaita kan kuɗin gashin tun kafin kifin ya hau wuta, don in ya gasu, to sai kuɗin da mai gashin ta yanka maka. Kuma ka yi haƙuri, ba a sauri a can.

Hau babur zuwa Lobe, kamar kilomita 7 kudu da gari, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Riƙe canjin sefa a aljihu.

Mu da muka saba da kududdufi da rafi, teku daban ne. Kar ruwa ya wuce maka gwiwa.