Me ya sa tirampet ɗinka yake fita dabam da fiyano bayan ka rubuta daidai?

Sau da yawa mutum zai rubuta waƙa a MuseScore ko Sibelius, manhajojin rubuta kiɗa, kwamfuta ta buga masa sumul, sai an zo rihasal mai tirampet ya busa aka ji kamar rigima ake yi da mai fiyano. Laifin ba na mai busa ba ne yawanci. Wasu kayan kiɗa abin da aka rubuta musu dabam ne da abin da kunne ke ji: tirampet da kilarinet na B filat in suka karanta C to B filat ce ke fita, alto saksofon in ya karanta C sai ka ji E filat ta ƙasa, hon na F kuma F ta ƙasa. Shi ya sa manhaja ke da fuska biyu, ta ainihin sauti da ta mai busa, kuma kusan duk matsalar daga manta wace fuska kake kai take farawa.

Babban kuskuren shi ne kwafar takardar mai tirampet alhali maɓallin Concert pitch, wato na fuskar ainihin sauti, a kunne yake. Takardar nan an riga an ɗaga ta, kai kuma ka shigar da ita a matsayin ainihin sauti, kana kashe maɓallin manhaja za ta sake ɗagawa, ɗagi biyu ke nan, sai layin ya haura sauran 'yan band da mataki guda. Kafin ka taɓa komai duba maɓallin, a MuseScore 4 yana can ƙasa ta hannun dama, a Sibelius sunansa Transposing Score kuma aikinsa a juye yake, kunna shi ne ke kai ka fuskar mai busa, wannan kaɗai ya isa ya ruɗa wanda ya saba da ɗayan. In ka riga ka yi ɓarnar ba sai ka goge ba, zaɓi layin duka ka sauke shi da taku biyu na rabin mataki, na alto kuwa tara.

Akwai kuma masu buɗe layin fiyano ko sarewa su canza masa suna zuwa tirampet, su ɗauka an gama. Suna fa ba ya juya sauti. Ka canza kayan kiɗan kansa daga jerin da manhajar ta bayar. Masu canza sunan ne dai daga baya za su koma suna ɗaga notoci da hannu, ranar da aka gyara layin sai komai ya rikice.

Sai maganar ki (key), wato alamomin shaf ko filat da ake sawa a farkon layi. Waƙa tana F, filat ɗaya, ka ga tirampet da shaf ɗaya, alto da shaf biyu, hon ba komai, sai hankalinka ya tashi ka fara "gyarawa". Bar su haka, daidai suke! In za ka canza ki, koma fuskar ainihin sauti ka sa shi sau ɗaya, kowane layi zai ɗauki nasa. Ni dai in waƙa ta faɗa E, inda tirampet ke samun shaf shida, gara in sauke ta zuwa E filat in mawaƙa sun yarda, masu busa har addu'a za su yi maka.

Jita da babban bas oktaf ɗaya suke sauka ƙasa da rubutu, fikolo kuma ya haura ɗaya, harafin bai canza ba shi ya sa ba a lura.

Fayil ɗin MIDI notocin ainihin sauti kawai yake ɗauka, ban da fuskar mai busa, in za ka tura wa mai wata manhaja tura fayil ɗin MusicXML. Kafin firintin kuma buɗe takardar kowane mai busa ka tabbatar a fuskarsa take, babbar takardar madugu in ka bar ta a ainihin sauti rubuta hakan a saman shafin farko.